Sikelin SF-400: giram nawa ne a gwangwanin shinkafarku?

Ƙaramin sikeli ne na farar roba, da zagayayyen faranti a sama da ɗan allon lambobi a gaba. A Kumasi ana samunsa a shagunan kayan kicin na Adum da cikin kasuwar Kejetia, har da wajen masu baje kayan lantarki a bakin titi. SF-400 aka rubuta a kwalinsa. Daga Caina ake kawo shi, kuma masana'antu da dama ne ke buga shi da wannan suna guda, shi ya sa wani za a ga an rubuta masa kilo 5, wani kilo 7, wani kilo 10, alhali siffarsu ɗaya. Yana cin batir biyu irin na AA, yana ƙirga giram ɗai-ɗai. Maɓallansa su ne na kunnawa da kashewa, da TARE mai mayar da lamba sifili, da MODE mai sauya awo tsakanin giram da oza. Kuɗinsa yawanci bai wuce na ƙaramin buhun shinkafa mai ƙamshi ba. A ganina duk gidan da ake ɗora tukunyar shinkafa sau uku ko huɗu a mako ya kamata a ce akwai shi, balle wajen mai sayar da waake (shinkafa da wake) ko mai girkin suna da biki. Amma yana da raunin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya ciro kuɗi.

Abin da ya sa ake buƙatarsa shi ne yadda muke awo. A kasuwar Asawase ko Aboabo, da olonka da gwangwanin margarin ake sayar da shinkafa, kuma a lissafin da aka saba, gwangwani shida ne olonka ɗaya. Ku tsaya ku kalli hannun mai awo. Za ta nutsa gwangwanin cikin daro, ta ɗago shi da tozo, ta kewaye bakinsa da tafin hannunta na hagu don kada tozon ya zube, sannan ta juye a leda. In kun ce "Hajiya, a yi mana gyara mana," ta ƙara ɗan tafi guda. Maƙwabciyarta kuwa ba ta tare bakin da hannu, gwangwaninta ma gindinsa ya ɗan loɓa ciki. Dukansu olonka suka ba ku, amma in aka ɗora a sikeli, ɗaya na iya kusantar kilo 3, ɗayar ta tsaya wajen kilo biyu da rabi. Rabin kilo abincin mutum biyar ne.

A gida ma haka lamarin yake, sai dai ba a lura. Gwangwani yana auna wurin da shinkafa ta cika ne, har da iskar da ke tsakanin ƙwayoyi. Doguwar ƙwaya siririya, irin mai ƙamshi da ake kawowa daga Biyetnam da Tailan, tana barin sarari da yawa. Gajeriyar ƙwaya da karyayyar shinkafa sun fi cushewa, don haka gwangwani ɗaya ya fi nauyi. In aka girgiza gwangwanin ko aka buga shi a tebur sau biyu, shinkafar ta zauna, sai a sami wurin ƙara cokali biyu ko uku. Sikeli babu ruwansa da duk wannan.

Lambobin da ake dogara da su ba su da yawa. Kofin awo irin na Amurka, wanda akasarin girke-girken intanet ke nufi, yana ɗaukar mililita 240 ko ƙasa kaɗan, kuma in aka cika shi da ɗanyar doguwar farar shinkafa aka shafe bakinsa, nauyin yana kai giram 185. In gajeriyar ƙwaya ce, wajen giram 200. Kofin mililita 250 yana ɗaukar giram 195 zuwa 200 na doguwa. Ɗan kofin robar da ke zuwa cikin tukunyar lantarki ta dafa shinkafa shi ne ya fi rikita mutane, domin mililita 180 ne kawai, awon Japan ne, kuma shinkafarsa giram 145 zuwa 150. Layukan ruwan da ke zane a cikin tukunyar da wannan ƙaramin kofin aka lissafa su. Wanda kofinsa ya ɓace ya koma awo da kofin shayi, ya zuba uku, ya cika ruwa zuwa layi na uku, zai tarar da shinkafa da sauran tauri a ciki, ya yi ta zargin tukunya. Da sikeli, kofi uku giram 450 ne, an gama magana.

Mu dai ba da kofin Amurka muke girki ba, da gwangwanin madara da na margarin da na tumatir ne, kuma a nan ne sikelin ya fi burge ni. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. To a ɗora gwangwanin da babu komai a ciki, a danna TARE lamba ta koma sifili, a cika shi da ruwa har baki. Abin da allo ya nuna shi ne girman gwangwanin da mililita. A ninka wannan da 0.8, an sami nauyin doguwar shinkafar da zai ɗauka a shafe. In karyayya ce ko gajeriya, a ninka da 0.85. A ce gwangwanin madara ya nuna 170, shinkafarsa wajen giram 136 ke nan. A ce na margarin ya nuna 500, a shafe giram 400 ne, da tozo kuwa yana iya kai 450 ko sama. Wanda ba ya son lissafi sai ya shanya gwangwanin ya bushe, ya cika shi da shinkafarsa yadda hannunsa ya saba cikawa, ya auna sau uku, ya ɗauki lambar tsakiya. A rubuta ta a ɗan takarda a manna a jikin kabad. Duk lokacin da aka sauya irin shinkafa, a sake awon, don lambar Jasmine 85 ko AGRA da ake nomawa a nan gida ba lallai ta zo daidai da ta 'yar waje ba, ta gida mai turare, wadda aka dafa da ɓawonta kafin a casa, da ake kawowa daga arewa ma tata daban ce.

Shinkafar gida, ta Fumbisi ko ta Asutsuare, in ba wadda injin cire tsakuwa ya bi ta kai ba ce, a tsince ta a fece ƙaiƙayi kafin a auna. Kuma kullum busasshiya ake aunawa, kafin wanki.

Maganar ruwa ita ce ta fi muhimmanci, kuma nan ne masu sabon sikeli suka fi ɓata girki. Mace ta saba da gwangwani ɗaya na shinkafa, ɗaya da rabi na ruwa. Ta sami sikeli, sai ta auna giram 400 na shinkafa da giram 600 na ruwa, tana ganin ai ɗaya da rabin ke nan. Ba haka ba ne, domin gwangwani ɗaya da rabi na ruwa giram 750 ne, ta rage wa tukunyarta giram 150 ba ta sani ba. Ruwa ya fi shinkafa cika gwangwani, saboda babu iska a tsakaninsa. Don haka in za a mayar da awon gwangwani zuwa na nauyi, a raba shi da 0.8. Ɗaya da ɗaya ya koma ruwa giram 125 ga kowane giram 100 na shinkafa, ɗaya da rabi ya koma wajen 190, ɗaya da biyu ya koma 250. Sai dai akwai wani lauje cikin naɗi: shinkafa ana yi mata tozo, ruwa kuwa ba ya yin tozo. Mai cika gwangwaninta har giram 460 tana zuba ruwa 750, ainihin awonta ruwa 163 ne ga shinkafa 100, ba 190 ba. Shi ya sa uwa za ta gaya wa 'yarta "ɗaya da rabi nake sa wa," 'yar ta je gidanta ta yi hakan da shafaffen gwangwani, shinkafa ta caɓe, kowa na mamakin abin da ya faru.

Awon da za a fara da shi a tukunyar gida mai murfi mai kama baki, ga kowane giram 100 na busasshiyar shinkafa: mai ƙamshi tana son ruwa giram 150 zuwa 165 in ana so ta yi warawara. Mai turare, wadda aka dafa da ɓawonta kafin a casa, ta fi shan ruwa, giram 220 zuwa 250, ta kuma fi daɗewa a wuta. Ja ko mai dusa wadda ba a goge ba ita ma wajen 230 zuwa 250 take so, da minti arba'in ko fiye a kan wuta marar ƙarfi. Tuwon shinkafa kuwa daga 300 zuwa 350 ne, don so ake ta yi luguf ta tuƙu, kuma karyayya ta fi dacewa da shi. Sabuwar shinkafa ta kaka tana da sauran danshi, a rage mata ruwa kaɗan. Wadda ta kwana biyu a sito, ko ta sha iskar hunturu a buɗaɗɗen buhu, a ƙara mata.

Wanki ma yana shiga lissafi. Kilo ɗaya da aka wanke aka tsane, in aka mayar da shi kan sikeli, zai nuna wajen giram 1,100, in an jiƙa rabin awa ya haura haka sosai. Wannan ruwan da ta riƙe yana cikin ruwan girki. Hanya mafi sauƙi ita ce a daina auna ruwa shi kaɗai, a auna jimla. Shinkafa giram 1,000 da ruwa 1,600 jimlarsu 2,600. A wanke, a mayar da kwano kan sikeli, a yi ta zuba ruwa har allo ya nuna 2,600, ko nawa ta sha wajen wanki ya shiga ciki.

Daidai wannan wurin ne SF-400 ke nuna halinsa na farko mai ban haushi. Yana kashe kansa in aka bar shi minti ɗaya ko biyu ba a taɓa ba, don tanadin batir, kuma da ya mutu ya manta da sifilin da aka danna masa. Kafin a gama rege shinkafa ya riga ya mutu. In aka kunna shi da kwanon a kai, sai ya ɗauki kwano da shinkafa duka a matsayin sifili. Maganinsa a san nauyin kwanon tun farko, a rubuta a gefensa da alƙalamin da ba ya gogewa. Kwano mai giram 350, jimlar da ake nema ta zama 2,950. A kunna sikelin babu komai a kai, a jira ya nuna sifili, sannan a ɗora.

Masu girkin taro su kula da abu guda: ruwa ba ya ninkuwa yadda shinkafa ke ninkuwa. Farar shinkafa tana shanye wajen giram 125 ga kowane 100, sauran tururi ne ke tafiya da shi, kuma yawan tururin ya danganta da faɗin tukunya da murfi da ƙarfin wuta. Rabin kilo zai iya cin ruwa giram 800. Kilo 5 a dadesen, wato babbar tukunyar girkin taro, ba ya buƙatar lita 8, wajen lita 7 ya isa, in ba haka ba ƙasa ta caɓe ta yi ƙanzo, sama kuma na nan da ido. Kurfoti na gawayi da itace sun fi gas cin ruwa saboda wutar ba ta tsayawa wuri guda. A jollof kuwa, miyar tumatir da romon nama duk ruwa ne. A auna romon a cire shi daga jimla, a kuma ɗauki akalla rabin nauyin soyayyen tumatir a matsayin ruwa, in ya so a bar ɗan ruwan zafi a gefe don yayyafawa in ta nema.

Lissafin baƙi ya zama mai sauƙi da kilo. Giram 80 zuwa 100 na ɗanya ya ishi mutum ɗaya in akwai nama da miya da ganye a gefe, matasa majiya ƙarfi a ba su 120 zuwa 150. Sunan da ake sa ran mutum 100, kilo 10 ke nan, buhun kilo 25 kuma ya fitar da faranti wajen 250. A riƙa duba rubutun ƙaramin buhu, domin wasu kilo 5 ne, wasu kilo 4.5, kuma a ido ba a bambanta su.

Mai waake ita ce ta fi kowa cin ribar wannan sikelin, in ta yarda ta gwada. Kofin wake giram 165 zuwa 170 ne, bai kai na shinkafa nauyi ba, don haka awon biyu da ɗaya na gwangwani ba daidai yake da na sikeli ba, gara ta tsaida nata da kilo. Shinkafa kilo 5 da wake kilo biyu da rabi, bayan an dafa da karan dafi da 'yar kanwa, suna bada kusan kilo 18. In kowane zubi giram 300 ne, mutum 60 za su ci. In hannun yarinyar da ke zubawa ya saki ya koma 350, mutum 51 ne, kuɗin mutum tara ya tafi a tukunya ɗaya. Ba cewa nake a auna wa kowane mai saye a gabansa ba, layin safe ba zai jira wannan ba. A auna cikin ludayi ko cokalin zubawa sau ɗaya a gida, a nuna wa mai zubawa yadda giram 300 yake a ganye, hannu ya saba. Sannan wannan sikelin na kicin ne. Sikelin da za a yi ciniki da shi a kasuwa sai wanda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, Ghana Standards Authority, ta duba ta manna wa shaida.

Masu ciwon sukari da likita ya ƙayyade wa abinci, su tambaya ko ɗanya ake nufi ko dafaffiya, don tazarar babba ce. Giram 100 na ɗanyar farar shinkafa yana da sitaci kusan giram 80, dafaffiya kuwa wajen 28. Kofin dafaffiya wajen giram 160 ne. Haka nan zakkar fidda kai: sa'i awon cikawa ne, mudu huɗu na Annabi (SAW), kuma malamai na ƙiyasta shi tsakanin kilo biyu da rabi zuwa uku na shinkafa. A bi adadin da malamin unguwa ya faɗa, sikelin zai tabbatar ba a tauye ba.

Sauran raunin nasa na jiki ne. Farantin ƙarami ne, faɗinsa bai kai tafin hannu biyu ba. Olonka na zama a kai lafiya, amma da an ɗora faffaɗar roba sai ta rufe allon, kuma in gindinta ya taɓa jikin sikelin ko tebur, lambar za ta ragu ba tare da wata alama ba. A kife ƙaramin kwano mai ƙarfi a kan farantin, a ɗora robar a kansa, a danna TARE. Kilo 10 ɗin da aka rubuta a kwali har da nauyin mazubi a ciki, don haka tukunya mai kilo 3 ta bar kilo 7 kawai, kuma ban ba da shawarar a riƙa kai shi ƙarshen ƙarfinsa ba. A cikinsa ɗan guntun ƙarfe ne da ke lanƙwasawa kaɗan in an ɗora kaya, daga wannan lanƙwasar yake lissafa nauyi. In aka jefa masa buhu, ko aka ajiye turmi da tukwane a kansa a kabad, ƙarfen ya gaji, ba zai sake faɗin gaskiya ba. Kilo 10 na biki a auna shi kashi uku ko huɗu. Wanda aikinsa buhu-buhu ne ya nemi sikelin rataye na kilo 50, wannan ya bar shi wa ruwa da kayan haɗi.

Ba ya son zafi, farantin roba ne, tukunyar da aka sauke daga wuta za ta narka shi. Ba ya son ruwa, kuma ba a toshe ramukansa ba, ruwan wanki na bi ta ƙarƙashin faranti ya shiga ciki. Danshin Kumasi a damina kaɗai ya isa ya sa wayoyin gidan batir tsatsa, shi ya sa in za a kwana biyu ba a yi aiki da shi ba, a cire batir, a sa shi a leda a ɗaure, kyankyasai ma ba za su samu shiga ba. Ƙwayar shinkafa guda in ta maƙale tsakanin faranti da jiki tana hana shi sauka yadda ya kamata, a kife shi a kakkaɓe. A kan tabarma ko katifa ko tebur mai rawa lambar yawo take yi, sai a daɓe ko kanta mai tauri. Batir in ya yi sanyi yakan rubuta Lo, amma tun kafin nan lambobi kan fara tsalle, kuma batiran da ke zuwa cikin kwali ba sa jimawa. In kilo ɗaya ya nuna 35.3, ba lalacewa ya yi ba, hannu ne ya taɓa MODE ya koma oza. Sannan duk da yana ƙirga giram ɗai-ɗai, kada a dogara da shi wajen giram biyu ko uku na kanwa ko gishiri, musamman in ana barbaɗawa a hankali, yakan yi kamar bai ji ba sai ya yi tsalle lokaci guda. Ga shinkafa wannan ba komai ba ne, kuskuren giram biyar a kilo ba ya canza tukunya.

Tunda ingancinsu ba ɗaya ba ne, a gwada a shago kafin a biya. A je da batir sababbi da ƙullin sukari ko gishiri na kilo ɗaya wanda ba a buɗe ba. Ya kamata ya nuna 1,000 da 'yan giram na leda. A ɗaga a mayar sau uku, lambar ta dawo wuri guda. A matsar da ƙullin gaba da baya da gefe-gefe a kan farantin, in bambancin ya wuce giram huɗu ko biyar a ce wa mai shago ya kawo wani. A sauke kayan a ga ko ya koma sifili da kansa. Ledar ruwan sha ba ta da kyau wajen wannan gwajin, domin cikar ta ba kullum take zama mililita 500 cif ba. A buɗe gidan batir a duba tsatsa, a kuma danna kowane maɓalli a ji yana amsawa, musamman TARE, don shi ne za a fi dannawa kuma shi ke fara mutuwa.